Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

A makarantun da a ke koyon zane, watau inda samari da 'yan mata ke koyon tsara fasalin gini, da zanen atamfa, da shirya bangon littafi, da irin sanarwar nan da a ke mannawa a jikin garu, akwai wata al'ada wadda ba a cika samunta a sauran makarantu ba. In malami ya ba da aiki, aka yi kwana bakwai ko goma ana fama da shi, sai a sa rana kowa ya kawo nasa. A kafe takardun a jikin bango a jere, ɗalibai su taru su zauna, mai aiki ya miƙe ya tsaya kusa da nasa ya faɗi abin da ya nufa, sa'an nan 'yan ajinsu su shiga faɗin abin da suka gani, mai kyau da maras kyau. Malami yana wurin, amma ba shi kaɗai ke da baki ba. Wannan zama shi na ke so mu duba, gama a ganina al'ada ce mai amfani ƙwarai wadda a ke yawan ɓatawa, kuma masu ɓata ta galibinsu mutanen kirki ne.

Kada mai karatu ya ce ina ruwansa da abin da 'yan makaranta ke yi a ɗakinsu. Kwalin maganin da ke gidanka, da allon da ke nuna maka hanya a mararraba, da takardar kuɗin da ke aljihunka, ko wannensu wani ne ya zauna ya tsara shi, ya zaɓi girman baƙaƙen da launinsu da inda za su zauna. In ya tsara da kyau ba ka ko tunawa da shi. In kuwa ya tsara ta yadda ba ta karantuwa, kai za ka sha magani sau uku inda aka ce sau ɗaya, shi yana can gida yana barci. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya fi kowa sanin wannan, don ya san yadda ƙananan baƙaƙe masu cunkoso ke sa gumi. To, a zaman nan na ɗalibai ne a ke fara kama irin wannan kuskure, ko kuwa a bar shi ya wuce.

Asalin al'adar a makarantun Turai ya koma ga babbar makarantar zane da gini ta birnin Faris, a ƙasar Faransa, cikin ƙarni na 19. Masu koyon tsara gini a can suna zama ƙungiya ƙungiya, ko wace ƙungiya da ɗakinta da maigidanta, wanda gwanin gini ne mai nasa ayyukan, ba ya zuwa sai jifa jifa. Saboda haka mafi yawan koyarwar ɗalibai ke yi wa junansu: manya su duba aikin ƙanana su gyara musu, ƙanana kuma su taya manya ja layi da shafa launi in rana ta matso. Ranar karɓar aiki a kan turo amalanke ya bi ɗakunan yana kwasar takardu, wadansu har su hau amalanken suna ƙarasa zane a hanya. Sunan amalanken nan da Faransanci, watau sharet, har yanzu masu tsara gini suna kiran aikin gaggawa da shi. Amma hukunci kansa a ɓoye a ke yinsa. Alƙalai su kulle ƙofa su duba, ɗalibi ba ya nan, sai dai ya ga sakamako. Daga baya, cikin ƙarni na 20, makarantu da dama suka buɗe ƙofar, suka tsai da ɗalibi gaban aikinsa a bainar jama'a. Buɗewar ta yi kyau, sai dai ta haɗa abu biyu a zama ɗaya, gyaran 'yan'uwa da shari'ar alƙalai, waɗanda dā rabe su ke. Za mu komo ga wannan.

Mu nan ƙasar Hausa ba baƙin abin ba ne. Wanda ya yi zaman tsangaya ya san darasu: gardi ya yi satu a allonsa daga abin da ya haddace, ya kai gaban alaramma da sauran gardawa, a bi rubutun kalma kalma, inda ya bar wasali ko ya ƙara ɗigo a tsai da shi a gyara. Ba mai jin haushi, ba mai yin kara, yaro ma in ya ga kuskure a allon babba ya kan faɗa. Haka kuma a zaurukan masu ɗinkin riga na birnin Zariya da Kano, inda mutum biyar ko shida ke zaune ko wanne da riga a cinya, wani zai ɗaga kai ya ce wa na kusa da shi, “Malam, askar nan taka ta karkace,” ko “Tambarin nan ya yi ƙasa.” Shi kuwa ya miƙe rigar ya duba, in gaskiya ne ya warware.

Me ya sa gyara ke tafiya sumul a darasu, amma a ajin zane sai ta zama ko daɗin baki ko faɗa? Dalili shi ne a darasu akwai ma'auni wanda kowa ya yarda da shi. Rubutun daidai guda ɗaya ne, an san shi, wanda ya saɓa masa ya yi kuskure, ba gardama. Mai ɗinki ma yana da zanen da aka shata masa a jikin yadi, aska takwas takwas ce, ba ta zama tara. Amma in malami ya ce wa ɗalibi ashirin kowa ya tsara sanarwa, za a kawo sanarwa ashirin dabam dabam, kuma mai yiwuwa ne biyar daga ciki duk su yi daidai. Da ɗalibai suka rasa ma'aunin da ke rubuce, sai ko wanne ya ɗauko son ransa ya auna da shi. Wannan ya ce shuɗi ya fi, wancan ya ce ja ya fi, a yi ta ja-in-ja har a tashi, mai aiki ya kwashe takardarsa bai ƙaru da kome ba.

Alhali kuwa ma'aunin yana nan, ba a cikin ajin ya ke ba ne kawai. Shi ne mutumin da aka yi abin dominsa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce an ba ɗalibai aiki su tsara sanarwar ranar allurar rigakafi, wadda za a manna a ƙofar ɗakin shan magani na wani ƙauye. Wata ɗaliba ta kawo tata: ta zana uwa da goyo, zane mai kyau ƙwarai har zanen goyon ya fito da ƙyallinsa, ta rubuta maganar da rawaya bisa farar takarda, ranar da za a zo kuwa ta sa ta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe don kada ta ɓata hoton. Ta miƙe ta yi bayani, aka ce to, jama'a, me kuka gani?

Na farko da zai yi magana, ko wane aji akwai shi, shi ne mai kara. Zai ce, “Kai, madalla! Aikin nan ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.” Ya koma ya zauna, yana ganin ya yi zumunci. Ni ban raina kara ba, da ita muka tashi, ita ce ke hana ƙarami tsinka babba a gaban mutane, kuma gari da babu ita ba ya zaunuwa. Amma a wannan wuri karar nan cuta ce. Mutumin ya ga rawayan ba ya karantuwa, idonsa lafiya lau, ya yi shiru don yana tsoron kada ta ƙullace shi, ko kuwa don ya san gobe nasa aikin zai hau bango yana so a rama masa alheri. Watau ciniki aka yi, ka rufa mini in rufa maka. Wadda ta biya kuɗin cinikin nan ita ce matar ƙauyen da za ta zo ran Laraba alhali an yi allura ran Talata. Ko yabon ma da ya yi bai amfane ta ba, don bai faɗi abin da ya yi kyau ba. Da ya ce, “Yadda kika sa uwar tana duban mai kallo, shi ya tsai da ni,” da ta san abin da za ta riƙe ta sake yi wani jiƙon. Yabon gwani ya zama dole, amma sai an nuna inda gwanintar ta ke.

Na biyu shi ne mai neman suna. Wannan ba da ita ya ke magana ba, da malami ya ke. Ya karanta littattafai, ya haddace manyan kalmomi, zai miƙe ya zuba su ya ce aikin ba shi da ruhi, ba shi da zurfi, ya tsufa. In ka ce masa ya taso ya ɗora yatsa a inda rashin ruhin ya ke, ba zai iya ba. Ba na so in daɗe a kansa, kowa ya san irinsa a ko wace sana'a.

Wanda ya fi ba ni tausayi, ya fi kuma wuyar ganewa, shi ne mai cewa “da ni ne.” Shi da gaske ya ke so ya taimaka. Zai ce, “Da ni ne, da na cire matar nan na sa hoton allura, na mai da takardar baƙa, rubutun fari.” Ka ga bai duba aikinta ba, nasa aikin ya zana da baki bisa takardarta. In ta bi shi, ranar da aka sake kafewa za a ga sanarwarsa sau biyu, tata ta ɓace. In aji ya saba da haka, kafin shekara ta ƙare duk aikinsu ya zama iri ɗaya, irin na wanda ya fi su baki. Mai duba aiki ya fi ƙarfi wajen faɗin inda ke ciwo, maganin kuwa a bar wa mai aiki ya nema, sai fa in shi ya roƙa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, in ji mutane, amma a zane sau da yawa baƙo ke fara ganin yoyon, mai ɗaki kuwa shi ya san irin jinkar da ya yi da inda zai sa hannu ba tare da ya rushe sauran ba.

To, yaya magana mai amfani ta ke? Wani ɗalibi ya tashi, ya ja da baya taku goma, kimanin inda mai wucewa zai tsaya, ya ce, “Daga nan ina ganin uwar da ɗanta sarai, amma ban iya karanta rubutun ba, ranar kuwa ban ma san tana nan ba sai da kika faɗa.” Shi ke nan. Bai ce mata ba ta iya ba, bai gaya mata launin da ya ke so ba. Ya ba ta labarin abin da ya faru da idonsa, kuma ba ta da hanyar musu, don ita ma in ta ja da baya taku goma abin da za ta gani ke nan. Maganarsa tana da wuri, ana iya ɗora yatsa a kai. Tana da dalili, don an auna ta da bukatar matar da za ta karanta. Ta kuma bar wa mai aiki aikinta. Ko da a ce shi ne mafi rauni a ajin wajen zane, maganar nan tasa ta fi ta gwani mai cewa ba ruhi.

Akwai wani malami Bajamushe, Josef Albers, wanda ya koyar a makarantar Bauhaus, wadda aka buɗe a garin Weimar a 1919, ta koma Dessau a 1925, aka rufe ta a 1933. Wani ɗalibinsa ya ba da labarin yadda ya shigo aji da tarin jaridu, ya ce kowa ya yi wani abu da su, ya fita. Da ya komo ya sa aka shimfiɗa ayyukan a ƙasa kowa yana gani. Wadansu sun yi jiragen ruwa, wadansu gidaje, wadansu dabbobi, duk ya ture su ya ce wasan yara ne, da wani abin aka yi su da sun fi kyau. Ya ɗauki na wani saurayi wanda bai yi kome ba sai naɗe takardar da ya yi ta tsaya da kanta, ya nuna musu cewa wannan ne ya gane halin takarda, ga ta kullum a kwance, ya sa ta tsaya, ana kuma ganin fuskokinta biyu. Ana iya cewa malamin ya yi zafi, ni ma ina ganin haka. Amma abin lura shi ne ya faɗi ma'auninsa a fili, ya kuma shimfiɗa aikin kowa kusa da na kowa don ɗalibai su koyi gani da idonsu. Ajin da ya ji irin wannan sau goma, a na goma sha ɗaya su da kansu za su iya yi wa juna.

Yanzu mu koma ga abin da na ce za mu komo gare shi. Babban laifin da na ke gani ba na ɗalibai ba ne, na tsarin zaman ne. A kan sa ranar duba aiki a ƙarshe, bayan an gama, an shafa launi, an kwana biyu ba barci, kuma a ranar ce malami ke ba da maki. Wane ne zai faɗi aibin aikin abokinsa a gaban mai riƙe da alƙalamin maki? In ya faɗa ya zama mai kai ƙara. Wane ne kuma zai ji gyara da kunnen basira alhali ya san ba sauran lokacin gyarawa? Ba abin da ya rage masa sai kare kai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ranar da ya kamata 'yan aji su taru bisa aikin juna ita ce rana ta biyu ko ta uku, sa'ad da abin ke zanen fensir, mai shi bai riga ya ƙaunace shi ba, goge shi kuma ba ya cin kome sai ɗan lokaci kaɗan. 'Yan Faris na dā, duk da kulle ƙofarsu, sun fi mu dabara a nan, don gyaran 'yan'uwa kullum a ke yinsa a ɗaki tun aiki yana ɗanye, shari'a kuwa ranarta dabam.

Sai kuma mai karɓa, gama shi ma yana da nasa. Abin da ɗalibi ya fi yi in an taɓa aikinsa shi ne ya tari numfashin mai magana da bayani: ai abin da na ke nufi kaza ne, ai ba ka gane ba ne. To, in bai gane ba, laifin wa? Mai zanen hoto don kansa yana iya cewa duniya ba ta fahimce shi ba. Mai tsara sanarwa ba shi da wannan dama, don ba zai bi takardarsa ƙauye ƙauye ya tsaya kusa da ita yana fassara ba. Rashin ganewar abokinsa ita ce labarin da ya zo nema. Abin da ya fi masa shi ne ya kame bakinsa, ya ɗauki fensir ya rubuta duk abin da aka faɗa, har wanda ya ji zafinsa, in zai yi magana ya zama tambaya ce: a ina idonka ya fara sauka, daga nan ya tafi ina? Sa'an nan ya je ya kwana a kai. Maganar da ta yi ɗaci da la'asar sau da yawa da safe sai a ga gaskiya ce. In mutum uku da ba su haɗa baki ba suka yi tuntuɓe a wuri guda, lalle akwai dutse a wurin, ko da ko wannensu ya kira dutsen da suna dabam.

Ragi ma ba hasara ba ne kullum. Tutar Nijeriya wani ɗalibi ne ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, sa'ad da ya ke karatun aikin lantarki a Landan. Ya aika da zanensa gasar da aka yi gab da samun mulkin kai, aka zaɓe shi a 1959 daga cikin zane fiye da 2,000, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana mai haskoki a tsakiyar farin. Masu zaɓe suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, ita ce aka ɗaga ran 1 ga Oktoba, 1960. A ganina sun yi daidai, gama ko wane tela a ko wace kasuwa yana iya haɗa ƙyalle uku, yaro ma yana iya zana ta a ƙasa da tsinke, kuma ana gane ta daga nesa. Mai yiwuwa ne ranar nan ita ya fi wahala a kanta. Duk da haka tutar ba ta bar zama tasa ba, da sunan mai tuta aka san shi har ya rasu a 2023.

Amma kada a ɗauka cewa ina nufin ɗalibi ya zama rariya, kowa ya zuba ya wuce. Jin magana dabam, bin ta dabam. A nan Zariya aka yi abin da ya nuna haka. An kawo sashen koyon zane na kwalejin fasaha daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman galibi Turawan Ingila ne, koyarwar kuma irin ta makarantun Ingila ce. A 1958 wadansu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya tasu, suna haɗuwa bayan aji suna tattauna irin zanen da ya dace da ƙasar da ke shirin mulkin kanta. Ba su bar aji ba, sun koyi abin da a ke koya musu, amma suka tsaya a kan cewa kowa ya koma ya binciki zanen mutanensa ya haɗa da abin da ya koya. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma mutanenta sun zama manyan gwanayen ƙasar, har Nwoko ya karɓi babbar lambar girma ta masu tsara gini a birnin Venice a 2023. Abin da samarin nan suka ba juna malamansu ba su da shi, don tambayar da ke damunsu ba ta damun malaman. Wannan ita ce fa'idar sa'a bisa malami: malami ya fi ka sani, amma sa'arka tana tsaye inda ka ke tsaye.

An yi ƙoƙarin sa wa zaman nan ƙa'ida don a rage ɓarnarsa. Wadda ta fi shahara ita ce ta wata Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, Liz Lerman, wadda ta fito da ita wajen 1990, makarantun zane da dama kuma suka ara. A tsarinta masu kallo su ke fara faɗin abin da ya taɓa su a aikin, sa'an nan mai aiki ya yi musu tambayoyinsa, sa'an nan su su yi masa tambayoyin da ba a ɓoye hukunci a cikinsu ba, daga ƙarshe mai ra'ayi ya nemi izini, ya ce yana da ra'ayi game da abu kaza, ana so a ji? Mai aiki yana da ikon ya ce a'a. Mataki na uku shi ya fi burge ni, don yana da wuya ƙwarai. Gwada ka gani. “Me ya sa kika ɓoye ranar?” zargi ne da aka ɗaura wa rawanin tambaya. “Me kika so mai wucewa ya fara karantawa?” ita ce tambaya, kuma sau da yawa kafin ta gama amsawa ta ga abin da kanta, ba wanda ya kunyata ta.

Mataki na huɗu ne ban yarda da shi duka ba. Ga mai rawa ko mai waƙa ya yi daidai, aikinsa ne, ransa ne. Amma wanda ke koyon tsara kwalin magani ko matakalar bene ba shi da ikon cewa ba ya so ya ji, tun da ba shi zai sha maganin ba, ba shi zai gangaro a duhu ba. Banda haka, an yi ƙa'idar ne don mutanen da bakinsu ya yi kaifi, a rage musu. Namu ciwon kishiyar wannan ne. In ka ce wa ɗalibinmu sai ya nemi izini kafin ya faɗi aibi, ka ba shi ƙofar da ya ke nema ya fice, zai yi shiru ya ce ladabi ne. A ajinmu na fi so a juya abin: a wajabta wa ko wane ɗalibi ya faɗi wuri guda da ya tsaya masa a aikin ɗan'uwansa, da dalili, malami kuma ya ajiye alƙalamin maki a ofis ran nan. In ya zama dole ne a kan kowa, ba wanda za a ce ya yi don ƙiyayya.

Akwai kuma abin da duk 'yan ajin ba za su gani ba ko sun kai ɗari, saboda dukansu idonsu iri ɗaya ne, sun saba da karatu har ba su ganin baƙaƙe, ma'ana kawai su ke gani. Ga misali ƙananan ƙugiyoyin nan na ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa daga cikin kyawawan baƙaƙen da ke cikin kwamfuta ba su da su, sai ɗalibi ya zaɓi baƙaƙen don kyansu ya yar da ƙugiyar, 'yan ajinsu kuma su karanta daidai ba su lura ba, don sun riga sun san abin da a ke nufi. Maganin wannan ba shi da tsada. A ɗauki takardar a fita da ita ƙofar makaranta, a nuna wa mai gadi, ko mai tuyar ƙosai, ko wani dattijo da ya koyi boko da furfurarsa, kada a yi masa bayanin kome, a ce, “Baba, karanta mana wannan.” Sa'an nan ɗalibai su yi shiru su dubi bakinsa. Zai bi baƙaƙen ɗaya ɗaya yadda aka koya masa, abin da aka rubuta shi zai faɗa. In an tsara allon ɗakin baƙi aka bar ƙugiyoyin, zai karanta “dakin baki,” ya ɗaga kai ya tambaye su bakin wa za a daka.